Abincin makaranta ba karin kumallo ba ne

A Argungu na sha jin uwa ta ce, "Tafi, ai za a ba ku abinci a makaranta," yaro ya fita ko koko bai kurɓa ba. Wannan kuskure ne, kuma yana damuna ƙwarai.

Shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016, 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamaren gwamnati kawai ya shafa, ci ɗaya a yini, da farko gwamnati na biyan naira 70 a kan kowane yaro. Ko a lokacin, ba a rabawa sai an tashi tara, wata rana ma kuɗin mai dafuwa bai fito ba. Kafin nan yaro ya yi darussa cikinsa na ƙugi. Ko ɗumamen tuwon shinkafa ne, a ba shi kafin ya saɓa jaka.