Igwar da ke ƙirjin 'yan Arsenal, unguwarmu ce tushenta

Duk baƙon da ya zo mini Landan daga gida, Greenwich nake fara kai shi, don can ake samun hoton turawa 'yan uwa a WhatsApp. Mu haura tudu zuwa gidan duban taurari da Sarki Charles na Biyu ya sa aka gina a 1675, baƙo ya ware ƙafafu a kan layin nan da ya raba duniya gida biyu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma. GMT ɗin da muka taso muna ji a rediyo, nan ne mahaifarsa. Sai mu gangaro bakin kogin Thames, inda aka haifi Henry na Takwas a 1491, mu zagaya Cutty Sark, jirgin dakon ganyen shayi na 1869. Gobara ta ci shi a 2007, aka narka kuɗi aka gyara shi tsaf.

Ni kuwa a Woolwich nake kwana. Ƙaramar hukumarmu ɗaya da Greenwich, amma ba mai cewa in kai shi. Alhali nan ne masana'antar makamai ta Royal Arsenal, wadda a Yaƙin Duniya na Ɗaya mutum kusan 80,000 ke cin abinci a cikinta. Ma'aikatanta ne suka kafa ƙungiyar ƙwallo ta Arsenal a 1886, shi ya sa igwa ke kan rigar. Na faɗa wa wani ƙanena, ɗan a-mutun Arsenal, ya ce zolayarsa nake. An daina ƙera makamai a 1967. Yau wurin benaye ne masu ɗan karen tsada, gidan tarihin igwa da ke ciki ma an rufe shi a 2016.

Abin sarki ana masa fenti, gumin lebura kuwa oho. Mu ma halinmu ke nan, har mun fi su. Ba shekarar da za a fasa Hawan Daushe sai da babban dalili, Gidan Makama na nan daram. To ina dalar gyaɗa? Ina masaƙun Kakuri a Kaduna? Su Turawa aƙalla sun bar tsofaffin bangayen jan bulo a tsaye, yaro zai gani ya yi tambaya.

Kawuna ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban injin saƙa a Kakuri. Abin da ya rage na waɗannan shekarun shi ne katin aikinsa, naɗe cikin leda a ƙasan adakar Inna, hoton jiki duk ya koɗe.