Ba kyauta ba ne, Malam

Wani mai sharhin ƙwallo ya ce ƙungiyar da ke neman kofi ta zuba kuɗi ta kwashe 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare, wai tunda ba a biyan kuɗin saye. Wannan musun ake sha kullum a gidajen kallon ƙwallo na Samaru da Sabon Gari, amma ana mance lissafi.

Tun hukuncin da kotun Tarayyar Turai ta yanke a shari'ar ɗan wasa Bosman a 1995, tsohuwar ƙungiya ba ta karɓar kuɗin saye in kwantiragi ya ƙare, gaskiya ne. Sai dai kuɗin bai ɓace ba, aljihu ya sauya: akwai ladan sa hannu, akwai kamashon wakili, ga albashi mai tsoka na shekara uku ko huɗu. Albashin nan ne masifar, domin sauran taurarin ƙungiyar za su ce a daidaita nasu. Kuma dokar UEFA, hukumar ƙwallon Turai, ta ce albashi da kuɗin saye da na wakilai kada su wuce kashi 70 cikin ɗari na kuɗin shiga.

Dubi ƙungiyar PSG ta Faransa a 2021: Messi, Ramos, Donnarumma da Wijnaldum, duk a haka suka zo. Ramos mai shekara 35 bai taka leda ba sai ƙarshen Nuwamba saboda rauni, Real Madrid kuma ta fitar da su a zagayen 'yan 16 na gasar Zakarun Turai.

Bayern ta Jamus kuwa ta ɗauki Lewandowski ba tare da kuɗin saye ba a 2014 yana da shekara 25, gurbinsa na jiransa. A duba shekaru, a duba tarihin rauni, in ya haura 30 kada kwantiragi ya wuce shekara biyu.