Fadar Kanta ba a Argungu take ba

Sau da yawa nakan ji ana cewa Argungu ce birnin da Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi, kuma abin yana damuna. Masu faɗin haka suna da dalili: a Argungu Sarkin Kabi yake zaune yau, gidan tarihin garin ma sunan Kanta yake ɗauke da shi.

Amma Kanta ya yi zamani ne a ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai, kuma hedikwatarsa Surame ce. Kufanta yana nan cikin Jihar Sakkwato ta yanzu, yamma da birnin Sakkwato, daji ya rufe shi. Abin da ya fi burge ni shi ne ganuwarta. Yawancin biranen ƙasar Hausa da ƙasa aka kewaye su, ita kuwa Surame da duwatsu aka ɗaga bangonta, shi ya sa har gobe ana ganin ragowarsa da gurbin ƙofofi.

Wajen farkon ƙarni na 18 aka bar Surame aka koma Birnin Kabi. Da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci birnin a 1805, sai sarakunan Kabawa suka yi ta ƙaura har suka zauna a Argungu.

Shi kansa gidan tarihin tsohuwar fadar sarki ce ta ƙarni na 19, wato an gina ta kusan shekara 300 bayan Kanta, an sa mata sunansa ne don girmamawa.