Tseren keke nawa ƙafar ma'aikaci za ta ɗauka a kaka guda?

A yankin Flanders na ƙasar Beljiyam, inda nake zaune, mai lasisin tseren keke zai iya shiga gasa sau uku ko huɗu a mako in ya ga dama, tun daga Maris har farkon Oktoba, kuma da wuya ya yi tafiyar da ta wuce awa ɗaya a mota. Kusan kowane ƙauye yana da bikinsa na shekara da suke kira kermis, kuma a al'adarsu biki yana tafiya da tseren keke. Saboda haka gardamar da ba ta ƙarewa a ƙungiyarmu ta masu yi don sha'awa ita ce: guda nawa ya kamata mutum ya shiga? Akwai masu alfahari da arba'in, har da masu cewa hamsin.

Ni dai ra'ayina, ga mutumin da yake da aikin yi da iyali, daga sha biyar zuwa ashirin ya isa, kuma ko a cikin waɗannan, uku ko huɗu ne kawai ya kamata ya ɗauka da zafi. Sauran makaranta ce. Abokaina na nan suna cewa lalaci ne. 'Yan'uwa na gida kuwa, in na faɗa musu a waya, dariya suke yi, su ce wai ashirin ɗin ma a ina zan same su.

Bari in fara kwatanta muku abin da ake kira tsere a nan, don kada wani ya ɗauka yawon shan iska ne. Rajista sau da yawa a shagon shan kofi na ƙauye ake yin ta. Ka shiga da takalmin keke kana ƙwas-ƙwas a kan siminti, ka tarar da dattawa a bayan tebur, ka nuna lasisi, ka biya 'yan Yuro, su miƙo maka lamba. Ka koma bayan mota ka maƙala ta a riga da fil huɗu, hannu yana ɗan rawa. Da rana tsaka, wajen ƙarfe uku, a sake ku. Hanyar zagaye ce ta kilomita biyar zuwa goma, a yi ta juyawa har a haɗa kilomita ɗari ko fiye. A cikin kowane zagaye akwai kwanoni masu kaifi, akwai siririyar hanyar gona ta kankare mai tsaga a tsakiya wadda taya ke iya faɗawa, wani wurin kuma da tsohon daɓen duwatsu mai girgiza haƙora. A kowace kwana sai ka ja birki, kana fita kuma ka miƙe a kan feda ka ba da duk abin da kake da shi, don kada na gabanka ya bar ka. Haka za ka yi sau ɗari da wani abu kafin a tashi. Ga iskar da ke kaɗowa daga teku, wadda in ta bugo ta gefe sai ayarin ya tsinke gida-gida. Wanda aka bari a baya da nisa, alƙalai sukan cire shi, ya tattara ya koma mota tun ana rabin tsere.

Daren ranar ba ka barci sosai. Jiki ya gaji tilis amma zuciya tana ta bugawa, ƙafa tana zafi a ƙarƙashin bargo, kana ta juyi kana tuna kwanar da ka yi sakaci. Asuba ta yi, ranar Litinin ce, ƙarfe shida kana bakin aiki.

Masu cewa arba'in suna kafa hujja da ƙwararru. Gaskiya ne, ɗan tseren da ake biya albashi a manyan ƙungiyoyi yakan yi kwana sittin zuwa tamanin yana tsere a shekara, kuma Tour de France, babban tseren ƙasar Faransa, shi kaɗai kwana 21 ne na tsere da hutun kwana biyu a tsakani. Tsofaffin nan kuma ba su gajiya da ambaton Eddy Merckx, ɗan ƙasarsu da ya ci tsere 525 a rayuwarsa. To amma a duba abin da ƙwararre yake yi in ya sauka daga keke. Wani ne zai karɓi keken ya wanke, ya duba sarƙa da birki. Wani zai yi masa tausa. Wani ya riga ya auna masa shinkafa ko taliyar da zai ci. Shi nasa kawai ya miƙe ƙafa a gado. Hutun ma aiki ne da ake biyansa ya yi. Kuma duk da wannan gata, manyan na yanzu rage tsere suke yi: Tadej Pogačar ya ci Giro, babban tseren Italiya, da Tour de France da gasar duniya duk a 2024, alhali kwanakin tserensa a shekarar ba su kai sittin ba. Sauran lokacin yana can kan duwatsu yana atisaye. In mai wannan baiwa yana zaɓe, ban ga dalilin da mai ɗaukar kwali a sito awa takwas zai ce shi kowace Asabar da Lahadi sai ya ɗaura lamba ba.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne tsere yana cin fiye da ranarsa. Kwana ɗaya ko biyu kafin shi dole ka sassauta atisaye don ƙafa ta huta. Bayansa, ƙarfin da tsoka take ajiyewa daga abinci yakan dawo cikin yini guda in ka ci sosai, amma gajiyar can ciki takan kai kwana biyu ko uku, musamman in shekaru sun haura arba'in. Ka ga tsere ɗaya ya cinye rabin mako. In ka yi biyu a mako, babu sauran ranar da za ka yi atisayen da ke ƙara ƙarfi, doguwar tafiya ta awa huɗu a hankali, ko hawan tudu a maimaice. Sai ka zama kullum ko kana hutawa don tsere ko kana hutawa daga tsere. Shi ya sa za ka ga mutum a Afrilu yana gaban ayari yana ta da ƙura, zuwa ƙarshen Yuli an fara cire shi tun zagaye na biyar, shi kuma yana ɗora laifi a kan taya.

Jiki yana ba da sanarwa, mu ne ba mu saurare. Bugun zuciya da safe ya ɗan haura yadda ka saba. A kan keke kuma ka taka iya ƙarfinka amma bugun ya ƙi hawa. Mura ta riƙa zuwa tana komawa. Ka fara yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Alamar da na fi yarda da ita ita ce ranar da ka buɗe gareji ka kalli keken ka ji ba ka son ganinsa. Mutumin da ya sayi keke da kuɗin guminsa don yana so, in ya kai nan, to ya wuce gona da iri.

Akwai kuma lissafin aljihu da na ƙashi. Kuɗin shiga ba su da yawa, amma ga man mota, ga taya, ga sarƙa mai cinyewa, ga ƙafar keke ta kabon da rami ɗaya zai iya fasawa. Ladan da ake bayarwa a ambulan, in ma ka samu, da ƙyar ya biya man. Faɗuwa kuwa ba a tambayar ko za a yi, sai dai yaushe, kuma gajiyayye ya fi saurin yin kuskure a kwana. Ƙwararre in ya karya ƙashin kafaɗa albashinsa yana tafiya. Ni in na karya, akwai mutane a gida da suke jiran saƙon ƙarshen wata, kuma ba zan iya ce wa tsohuwa wai na faɗi ne ina neman zama na ashirin da biyar a tseren ƙauye ba.

Mu Musulmi muna da wani lissafin da abokan tserenmu ba su da shi, wato azumi. A shekarun 2016 da 2017, da watan ya faɗo a Yuni, ana kai fiye da awa 18 ba ci ba sha a nan, daidai lokacin da tsere ya fi yawa. Ba mai hankalin da zai shiga kilomita ɗari da ƙarfe uku na rana babu ɗigon ruwa. Wata guda ya fita ke nan, sannan bayan Sallah sai an ƙara mako biyu ko uku kafin ƙafa ta dawo. Yanzu da azumin yake matsowa Fabrairu, tun da kowace shekara yana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya, abin ya sauya: yana cin farkon kaka ne da ƙarshen shiri. Na ga amfanin wannan hutun dole fiye da yadda na zata. Lokacin da sauran suka fara laushi, mai azumi yana da sauran marmari.

To, a gida fa? Mu keke ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya tashi a karkarar Kano ko Katsina ko Maraɗi ya san manomin da zai ɗaure buhun gero a bayan Raleigh ko Phoenix ya taka zuwa kasuwar mako, a kan burji da yashi, cikin zafin Afrilu, babu giyar sauya gudu babu gorar ruwa. Ƙarfi da juriya ba su ne matsalarmu ba. Abin da babu shi ne jadawali. Saurayin da ya samu keken tsere na hannu a Kano ko Kaduna zai yi wata da watanni yana fita da asuba, yana kauce wa tirela da A Daidaita Sahu, yana shaƙar ƙurar hunturu, yana jiran gasa ɗaya ko biyu da wataƙila a ɗage. Bikin wasanni na ƙasa a Najeriya, wanda aka fara a 1973, ba kowace shekara ake yinsa ba. Akwai filin tseren keke na zagaye a Abuja da aka gina don wasannin Afirka na 2003, amma fili ɗaya ba ya zama kaka. Har a wasannin Olympics na Paris a 2024, Ese Ukpeseraye ta Najeriya da keken aro daga tawagar Jamus ta shiga tseren cikin fili. Wasu ƙasashen Afirka sun ɗan fi mu: Burkina Faso tana da Tour du Faso tun 1987, Ruwanda kuma ta kai ga karɓar gasar duniya a Kigali a 2025, karo na farko a Afirka.

A nan ne nake ba masu cewa arba'in rabin gaskiyarsu. Akwai abin da atisaye ba ya koyarwa. Yadda za ka lafe a bayan wani ka ɓuya daga iska, taya kusa da taya. Yadda za ka shiga kwana kafaɗa da kafaɗa da mutum hamsin ba ka taɓa birki da tsoro ba. Yadda za ka gane wace ficewa daga ayari ce za ta kai ƙarshe, wacce ce ta burga. Wannan sai a cikin ayari ake sanin sa, kuma shi ya sa matasa daga Ingila da Amurka da Ostireliya suke zuwa su kama ɗaki a ƙauyukan nan duk bazara. Biniam Girmay na Eritiriya bai ci babban tseren nan na Beljiyam, Gent-Wevelgem, a 2022 don ƙarfin ƙafa kaɗai ba. Ya san inda zai tsaya a cikin mutane. Saboda haka ɗan shekara sha tara marar iyali, mai neman a gan shi, ya yi arba'in ɗinsa, ba ni da ja. Wanda ya fara bana ma ya yawaita a shekarun farko har ya saba da cunkoso. Maganata a kan magidanci ce wanda ya riga ya iya, kuma ya san ba kwantiragi zai samu ba.

Abin mamaki, tsarin da nake ganin ya fi dacewa da irinmu mun san shi tun a gida, a kokawa. 'Yan kokawar Nijar suna yin ƙananan karawa a garuruwa bayan an kawar da amfanin gona, amma kowa ya san idonsu yana kan abu ɗaya, gasar takobi da ake yi sau ɗaya a shekara tun 1975, inda jihohi takwas suke kawo zaratansu. Irin su Issaka Issaka na Dosso ba a ƙirga musu yawan filin da suka shiga, takubban da suka ɗaga ake ƙirgawa. Haka nake tsara kakata: gungu huɗu, kowanne mako huɗu zuwa biyar ana tsere duk ƙarshen mako, da babban buri ɗaya a ƙarshensa, sai mako guda na hutu sosai, sai makonni na atisaye zalla ba lamba a baya. In ka lissafa, ka faɗa cikin sha biyar zuwa ashirin ɗin nan ba tare da ka yi niyya ba.

Sai dai a yi gaskiya wajen ƙirga. Wasu za su ce tsere goma sha biyu kawai suka yi bana, alhali duk Talata da Alhamis da dare suna cikin gareji a kan manhajar tseren keke ta Zwift suna gwabzawa da mutanen da ba su sani ba ta intanet, gumi yana ɗiga a ƙasa. Fitar ƙungiya ta safiyar Lahadi ma, da ake cewa a hankali za a tafi, kowa ya san da rige-rige take ƙarewa da zarar an hango allon shiga gari. Zuciya ba ta san akwai lamba ko babu ba. Sannan da Oktoba ya shigo, a nan sai a koma tseren taɓo na hunturu, wanda suke haukacewa a kansa har Fabrairu, kuma akwai waɗanda suke zarcewa kai tsaye ba hutun ko mako biyu.

Ga 'yan'uwa masu keke a Kano da Zariya da Damagaram kuwa, shawarar akasin haka take. Kada ku jira babbar gasa. Ku samu hanya marar cunkoso a bayan gari, zagaye na kilomita biyar, ku nemi izinin hukuma da 'yan sa-kai masu tsare mahaɗa, kowa da hular kwano, ku sa rana ɗaya a wata daga Nuwamba zuwa Fabrairu da sassafe kafin rana ta yi zafi, sannan ku ƙara biyu bayan saukar ruwan farko. Tsere shida ke nan da kowa ya san ranarsu tun farkon shekara, kuma mai faci na unguwa zai iya zama makanike.