Fam 300 na maƙwabciyata a Bradford, da rabon Inna a Funtuwa

Shekara shida ke nan ina zaune a Bradford, a arewacin Ingila, cikin ɗaya daga cikin jerin gidajen dutse da aka gina wa ma'aikatan masaƙun ulu tun zamanin Sarauniya Biktoriya. Gidajen manne suke da juna kamar haƙoran mataji, bango ɗaya ne tsakaninka da maƙwabci, har kana jin tarinsa idan dare ya raba. Wadda nake jin tarinta wata tsohuwa ce Baturiya mai shekara 83, wadda ta fara aikin masaƙa tana da shekara 15, mijinta ya rasu, 'yarta tilo kuma tana aure a Ostareliya. A farkon Nuwamba na 2024 mai rarraba saƙo ya ajiye mata wani ƙunshi a ƙofata, na ɗauka na kai mata da yamma, sai na same ta a falonta sanye da babbar rigar sanyi irin ta fita waje, da hular ulu, da safar hannu, ta lulluɓe ƙafafunta da bargo, ta rungume wata gorar roba da ta cika da ruwan zafi. Na kai hannu na taɓa ƙarfen ɗumama ɗaki da ke jikin bango, na ji shi kamar ƙanƙara.

Dole in yi bayanin wannan sanyi, domin wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka irin hunturunmu ne, wanda ke sakin mutum da zarar hantsi ya ɗaga. A nan, daga Nuwamba zuwa Janairu, rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu na yamma, wani lokaci a yi mako guda ba a ga idonta ba, ga yayyafi da ba ya ɗaukewa, danshi ya ratsa dutsen bango ya zauna, tufafin da ke cikin akwati ma ka taɓa ka ji kamar an yayyafa musu ruwa. Ana ɗumama gida ne da wata tukunyar gas da ke dafa ruwa ta tura shi cikin bututu zuwa waɗancan ƙarafa na jikin bango, kuma kowace sa'a da ta yi tana aiki mita tana lissafi. A watan Oktoba na 2024 aka ƙara farashin gas da lantarki da kashi 10 cikin 100. Maƙwabciyata ta gaya mini cewa ta mayar da kunna tukunyar sa'a ɗaya da safe, sa'a ɗaya da dare, saboda bana an hana ta kuɗin ɗumama gida.

Wannan kuɗi gwamnatin jam'iyyar Leba ce ta fito da shi a 1997, ana ba kowane gida mai ɗan fansho sau ɗaya a shekara, kuma a 'yan shekarun nan ya tsaya a fam 200, ko fam 300 ga wanda ya kai shekara 80. Leba ta dawo mulki a zaɓen 4 ga Yuli 2024 da kujeru sama da 400 cikin 650, amma tun watan bai ƙare ba ministar kuɗi Rachel Reeves ta miƙe a majalisa ta ce ta tarar da giɓin fam biliyan 22 a baitulmali, don haka daga yanzu ba za a ba kowa kuɗin ba sai tsofaffin da ke karɓar wani ƙarin tallafi na marasa ƙarfi da ake kira Pension Credit. Tsofaffi kusan miliyan 10 suka rasa shi a rana ɗaya. Maƙwabciyata ta cancanci wancan ƙarin tallafi tun da daɗewa, amma ba ta taɓa nema ba, kamar dubban ɗaruruwan irinta, wasu don rashin sani, wasu don kunya, wasu kuma don tsoron takardar neman, mai tambayoyi sama da 200.

Dare biyu muka yi a kan teburin cin abincinta muna cike abin a kwamfutata. Ana son lambar inshorar ƙasa, ana son a san ko nawa ne a asusunta, reshen bankin da ta saba shiga da ƙafarta kuwa an rufe shi, sai dai ta duba ta manhaja. Wayar da 'yarta ta aiko mata tana cikin aljihun tebur, ba caji, kuma da muka tayar da ita sai banki ya aiko da lambobi shida da ke mutuwa bayan 'yan mintoci, ita kuma kafin ta nemo tabarau, ta karanto mini su da yatsun da sanyi ya ƙanƙame, lokacin ya wuce, sai mu sake daga farko. A cikin saƙonnin wayar na ga wani da ke cewa ta danna nan don karɓar tallafin ɗumama gida, ta saka lambar katin bankinta. Na 'yan damfara ne, irin masu kiran mutanenmu su ce daga banki ne an toshe BVN. Allah ne Ya tsare ta da rashin caji.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar da ta yi da muka gama. Na ce mata, cikin irin tarbiyyarmu, ta yi haƙuri, in sha Allahu za su taimaka mata. Sai ta ajiye kofin shayinta ta dube ni ta ce: "Ɗan nan, ba taimako nake nema ba. Shekara 40 ana yankar albashina da na mijina, kuɗina ne, kuma ni na zaɓe su." Washegari ta rubuta wasiƙa da hannu zuwa ga ɗan majalisarmu, ta kuma je ta same shi a ranar da yake zama don sauraron jama'ar mazaɓarsa, a wani ɗakin taro na unguwa mai kujerun roba, ba ɗan sanda, ba 'yan kore, ba maroƙi. Ta shaida masa cewa jam'iyyar da ta zaɓa tun tana budurwa ba za ta sake ganin ƙuri'arta ba. Kuɗinta sai bayan wata biyu da 'yan kwanaki suka fito, sanyi ya riga ya yi mata rabin abin da zai yi.

Kada a ɗauka ina cewa 'yan siyasar Ingila waliyyai ne. Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, wadda ta fi kowa zubar da hawaye saboda tsofaffi a 2024, ita ce ta sa wannan yanka a cikin manufofinta na zaɓen 2017 a ƙarƙashin Theresa May, kuma a lokacin 'yan Leba ne suka riƙa cewa za a kashe tsofaffi da sanyi. Kujeru kawai suka yi musaya. Mun san wannan rawar: waɗanda suka yi tir da cire tallafin man fetur a Janairun 2012 su ne suka cire shi ranar 29 ga Mayu 2023. Bambancin yana ga abin da ya biyo baya. A zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2025 Leba ta sha kaye, jam'iyyar Reform ta Nigel Farage ta ƙwace kujerar majalisa ta Runcorn da Helsby a zaɓen cike gurbi da tazarar ƙuri'a 6 kacal, kuma 'yan Leba da suka bi gida gida neman ƙuri'a suka dawo suna cewa duk ƙofar da suka buga zancen kuɗin ɗumama gida ake yi musu. Sauran 'yan majalisar suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama da wuta. Kafin Mayu ya ƙare Firaminista Keir Starmer ya ce za a sake duba maganar, a watan Yuni aka mayar da kuɗin ga duk ɗan fanshon da abin da yake samu a shekara bai wuce fam 35,000 ba. Gwamnati mai irin wannan rinjaye ta haɗiye maganarta cikin ƙasa da shekara guda, saboda tsoron tsofaffi masu tafiya da sanda.

A ƙarshen 2023, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ba gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har na wata uku, an zo unguwarmu a Funtuwa an rubuta sunaye, har da na Inna. Daga baya aka ce sai lambar katin ɗan ƙasa ta dace da BVN. A ɗaya an rubuta ta da sunan mahaifinta, a ɗaya da sunan marigayi Baba, shekarar haihuwa ma kowanne da tasa. Ƙanena ya kai ta wurin gyara sau uku a Keke Napep, sau biyu aka ce babu sabis, na ukun aka ce mai yi ya fita. Ana cikin haka a Janairun 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu kan batun naira miliyan 585 da aka nemi a tura wani asusu na ƙashin kai, shirin ya tsaya cik na wani lokaci. Har yau alat bai shigo wayar Inna ba, amma ya shigo wa wasu gidaje biyu da kowa ya san inda 'ya'yansu ke kwana lokacin kamfe. Da na kira ta ina faɗa, ina cewa a koma, a rubuta ƙorafi, sai ta ce: "Kai dai, bar shi. Ba rabona ba ne. Allah Ya ba mu mai albarka."

Ina girmama tawakkalin mahaifiyata, kuma ban isa in koya mata addini ba. Amma tun daga wancan daren na Nuwamba nake ajiye kalmomin nan biyu gefe da gefe, "kuɗina" da "rabona", ina kuma ganin cewa an daɗe ana cin amanarmu ta hanyar ta biyun. Inna tana biyan haraji duk lokacin da ta sa kati a waya, tana da kaso a man da ake haƙowa kamar kowane ɗan ƙasa, amma an horar da ita, an horar da mu duka, mu ɗauki abin da ya fito daga gwamnati a matsayin alherin wani mutum. Shi ya sa buhun shinkafa ke zuwa da hoton gwamna, shi ya sa aka zagaya kasuwanni da naira 10,000 ta TraderMoni ana dab da zaɓen 2019, shi ya sa aka jibge kayan tallafin korona a ɗakunan ajiya har jama'a suka fasa su a Oktoban 2020. Wanda aka ba kyauta godiya ce tasa, idan an tsallake shi kuma ba shi da bakin magana. Na'urar da aka kawo da sunan hana cuta, ta NIN da BVN, ta tace irin su Inna ta zubar, masu uwa a gindin murhu kuwa ba su taɓa jin an ce musu babu sabis ba.

Wata abokiyar aikina, da na ba ta wannan labari, ta ce ai mu 'yan Afirka mun ji daɗi, muna da dangi, ba ma buƙatar gwamnati. Na so in ji daɗin maganar, kuma akwai gaskiya a cikinta, domin a gidanmu ba za a taɓa barin tsohuwa mai shekara 83 ita kaɗai da gorar ruwan zafi ba, ko da tuwon dare ne kawai za a raba da ita, kuma akwai ranakun da nake kallon titinmu na Bradford, duk labule a sauke, ba mai sallama ga wani, in ji da ma ina zaure ana ta hayaniyar yara. Sai dai na san abin da ake nufi da dangi a wannan zancen, domin ni ne shi. Ni ne fanshon Inna, ni ne inshorar lafiyarta, ni ne tallafin man fetur na ƙannena uku, kuma duk abin da nake turawa ragowar abin da gwamnatin Ingila ta bari ne bayan ta yanki nata tun kafin albashin ya iso hannuna. Gidan da ba shi da ɗa a waje, ko a Abuja, ko a jikin wani kansila, zumuncinsa talaka ne ke tallafar talaka.

Akwai kuma abin da ban gaya wa abokiyar aikin ba. Dare biyun da na yi ina karanta wa uwar wani lambobi shida, ina jira ta nemo tabarau, ban taɓa yi wa tawa uwar irinsu ba. Idan na tura kuɗi, Inna ba ta iya karanta saƙon banki, sai ta aika a kira mata wani yaron maƙwabta ɗan aji uku na sakandare ya duba, shi ne kuma ke zuwa wurin mai POS da katinta, lambar sirrinta tana rubuce a wata 'yar takarda da take ɗaurewa a bakin zane. Yaron kirki ne, amma bana zai tafi makarantar kwana. A makon jiya na tambaye ta wa zai riƙa duba mata wayar idan ya tafi, sai ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko sanyin ya fara a wurinmu, ko ina saka rigar da ta aiko mini, da kuma ko tsohuwar nan ta maƙwabta an ba ta kuɗinta bana. Na ce an ba ta. Ta ce madalla, in gaishe ta.