Makin mujalla da ɓerayen fadamar Rima: abin da kwamitocin ƙarin girma ba sa lissafawa

Idan malamin jami'a ya miƙa takardun neman ƙarin girma, abu na farko da ake dubawa shi ne mujallar da ta buga masa bincike, na biyu kuma makin tasirinta. Kamfanin Clarivate ne ke fitar da wannan maki duk shekara, kuma lissafinsa ba wuya. Ana ƙirga sau nawa, a cikin shekara ɗaya, wasu maƙalu suka ambaci maƙalun da mujallar ta buga a shekaru 2 da suka gabata, a raba da yawan maƙalun. Maƙala 200 da aka ambata sau 400, maki 2 ke nan. Eugene Garfield da ya assasa wannan ma'auni, mujallu yake son tantancewa, ba malamai ba. Ra'ayinmu shi ne, ɗora shi a kan mai nazarin dabbobin daji masu shayarwa kuskure ne, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa ba mu san dabbobin da ke kewaye da mu a ƙasar Sakkwato yadda ya kamata ba.

Mujallun wannan fanni tsofaffi ne. Journal of Mammalogy ta Amurka ta fara fitowa a 1919, wadda ake kira Mammalian Biology yanzu ta fara a Jamus a 1926, Mammalia kuma a Faransa a 1936. Abin da suke nema shi ne bincike kan dabbar daji: rabe-raben jinsi, inda take zama, abincinta, lokacin haihuwarta, ƙwayoyin gadonta, da abin da ke rage yawanta. Bincike kan jar akuyar Sakkwato ko shanun Gudali ba nan ne gidansa ba, yana da nasa mujallun, ciki har da Sokoto Journal of Veterinary Sciences ta tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wata ƙidayar da aka buga a Journal of Mammalogy a 2018 ta kawo jinsin dabbobi masu shayarwa 6,495, kuma dangin ɓera da jemage sun fi rabin wannan adadi. Wato yawancin aikin fannin a kan ƙananan dabbobi yake, irin su gafiya, kurege, jaba, bushiya da jemage, ba zaki da giwa ba.

Me ya sa makin irin waɗannan mujallu ba ya kama ƙafar na likitanci? Lokaci ne. Wanda zai bi yawan ɓeraye a gonakin shinkafar Wurno ko fadamar Kwalkwalawa sai ya ga rani ya ga damina, zai fi kyau ma ya maimaita shekara ta biyu, domin damina ɗaya mai albarka kan ninka yawansu ta yaudari mai ƙidaya. Sannan ga watannin da maƙalar za ta yi a hannun masu tantancewa. Wanda zai ambace ta shi ma sai ya yi irin wannan zagaye. Kafin ambato ya fara shigowa, shekaru biyun lissafi sun wuce. Kamar a auna dabino ne da ma'aunin alayyafo. Amma maƙalar da ta fayyace wani jinsi da kyau, bayan shekara 40 ma ana komawa gare ta.

Zazzaɓin Lassa ya isa hujja. An gano cutar a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, a 1974 aka bayyana cewa ɓeran nan mai yawan nonuwa, Mastomys natalensis, shi ke ɗauke da ita. A 2016 wani binciken ya samu ƙwayar cutar a jikin ɗan'uwansa Mastomys erythroleucus. Waɗannan biyu da wuya a bambance su da ido da tabbaci, ana raba su ne da adadin kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, 32 a na farko da 38 a na biyu, ko da gwajin ƙwayoyin gado. Maƙalar ƙwayar cuta ita ke kwashe ambato, amma ba ta tsayuwa sai da aikin wanda ya zauna ya rarrabe ɓerayen. Haka ma dila: sai a 2015 gwajin gado ya nuna cewa babban dilan da ake samu a arewaci da yammacin Afirka jinsi ne dabam da na Asiya, bayan an daɗe ana kiransu da suna ɗaya.

Sai dai kada a ɗora laifin duka a kan ma'auni. Maƙalu da yawa daga wannan yanki ana mayar da su ne saboda kurakuran da ake yi tun a fili. Edita zai fara neman yawan ƙoƙarin kamun: tarko 50 a dare 4 shi ne dare-tarko 200, kuma idan an kama ɓera 20, nasarar kamu kashi 10 cikin 100 ce. In babu wannan lissafi, ba a iya kwatanta Goronyo da Kware. Tarkon Sherman, ɗan akwatin alminiyam da aka saba amfani da shi, tanda ne a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. A ɗana shi da almuru, a duba da asuba, in ba haka ba a tarar da dabbar ta mutu ta fara ruɓewa. Tunkuza ko ƙuliƙuli na jan ɓera, amma yana jan kiyashi ma, don haka a sabunta shi kowace yamma. Kowace dabba a ɗauki tsawon jiki, wutsiya, ƙafar baya da kunne da milimita, nauyi da giram, a rubuta lambobin GPS na wurin. "Kusa da Sakkwato" ba adireshi ba ne.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne na ajiya. Ɗalibi zai tsoma dabba gaba ɗaya cikin fomalin, ruwan da ke hana gawa ruɓewa, alhali fomalin na lalata DNA, wato ƙwayoyin gado. Abin da ya dace, a yanki ɗan guntun hanta ko kunne a sa cikin etanol mai ƙarfin kashi 95 zuwa sama, ruwan ya ninka naman sau da yawa, a canza shi bayan kwana ɗaya domin ruwan jikin naman na tsarma shi. A rubuta lamba da fensir, tawadar biro narkewa take yi. Fata da ƙoƙon kai a adana su da lamba ɗaya da ta kwalbar. Ga safar hannu da takunkumi, tunda kowane ɓera sai a ɗauka yana iya ɗauke da cuta. Ga kuma takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, wadda mujallun nan ke tambaya, kuma ba a nemanta bayan an gama aiki.

Masu kare makin tasiri suna da hujja guda mai ƙarfi. In aka jefar da shi, mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako biyu za su cika fayil ɗin kowa. Gaskiya ne. Amma maganin wannan shi ne a tabbatar mujallar na cikin Scopus ko Web of Science, manyan rumbunan jerin mujallun da aka tantance, sannan a kwatanta ta da takwarorinta na fanninta, ba da mujallar ciwon daji ba. Sanarwar San Francisco ta 2012 kan tantance bincike ma abin da ta nema ke nan, a karanta aikin, a daina fakewa da makin mujalla.

Akwai abubuwan da kwamiti zai iya gani da idonsa. Shin samfurin dabbar yana nan a ajiye da lambarsa? An saka jerin ƙwayoyin gadon a rumbun intanet na GenBank inda kowa zai iya dubawa? Bayanan wuraren suna GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya? Malamin da ya yi shekara 2 yana bin jemagun cikin gari ya fito da maƙala ɗaya mai waɗannan, bai kamata ya zo bayan wanda ya tsaga aikin wata uku a mayanka zuwa maƙala biyar ba. Rashin tsaro ya rufe dazuzzukan Isa, Sabon Birni da Gundumi ga masu bincike, amma rumbunan hatsi, kasuwanni da fadamun gefen birni a buɗe suke, kuma nan ne ɓera ke haɗuwa da mutum. Abin da irin wannan aiki ke buƙata daga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ko gwamnatin jiha bai kai kuɗin gini ba: ɗaki ɗaya mai kabad ɗin ƙarfe da ƙwari ba sa shiga, firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili a kan wutar sola, littafin rajista, da ma'aikaci guda da aka horar wanda albashinsa ba ya ƙarewa tare da tallafin bincike.