Sabar ofis ba gadon gidan kowa ba ce

Wallahi yau an ɓata min rai, kuma sai na faɗa ko na samu sauƙi. Manhajar da na rubuta wa ofishinmu tana tashi lafiya lau a laftof ɗina, XAMPP, manhajar gwaji da ke kan laftof ɗin, na kunna ta, rumbun bayanai na MySQL na amsawa, komai daidai. Ana ɗora ta kan sabar ofis, wato kwamfutar da kowa zai riƙa buɗe ta daga can, sai ga lambar kuskure 500 ta fito. Duk wanda ya taɓa wannan aikin ya san 500 ba ta gaya maka komai, cewa kawai take wani abu ya fashe a ciki, ainihin bayanin yana can cikin error.log, fayil ɗin kurakurai na Apache, manhajar da ke tafiyar da sabar, kuma mutum ɗaya ne a duk ginin yake da izinin buɗe shi.

Na je na yi masa sallama, ya amsa da ƙyar, idonsa na kan waya. Na ce Oga don Allah layukan ƙarshe na log ɗin kawai za ka karanto min, ba sai na taɓa komai ba. Sai da ya gama bidiyon da yake kallo tukuna ya ce, "Ka yi rifresh?" Na ce na yi. "Ka gwada wata burauzar?" Na ce Oga daga saba kuskuren yake fitowa, babu ruwan burauza. Nan fa ya kife wayar a kan tebur, ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce, "Au, kai ne za ka koya min aikina? Sabata lafiyarta ƙalau, kod ɗinka ne shirme. Ku yaran yanzu daga kun kalli YouTube shi ke nan kun zama injiniyoyi." A gaban mutane fa, har da masu dariya. Haba jama'a, roƙon a karanto min layi biyu ne ya zama raini?

Na koma wajena jikina na rawa, na rubuta ɗan fayil mai kiran phpinfo(), umarnin da ke nuna sigar PHP, yaren da na rubuta kod ɗin da shi, na tura ta FTP, hanyar ɗora fayil kan saba, na buɗe. PHP 7.4 ne a kai! Wanda masu shi suka daina yi wa gyaran tsaro tun Nuwamba 2022. Ni kuwa kod ɗina akwai umarnin match a ciki, wanda sai a PHP 8.0 ya zo a 2020, tsohon yana cin karo da shi zai tsaya cak. Kuma tun kafin na fara aikin sai da na tambayi mutumin nan wace siga ce a sabar, ya ce min sabuwa ce, na je na yi aikina.

Ba yau ya fara ba. An taɓa fama da 403, lambar hana shiga, saboda ya bar folda a hannun root, babban asusun saba, alhali Apache da asusun www-data yake gudana, maganin da ya kawo wai a sa 777, wato a wangale wa kowa ƙofa ya karanta ya rubuta ya goge. An taɓa yini ana 404, wato ba a samu shafi ba, don bai kunna mod_rewrite, ɓangaren Apache mai karkatar da adireshi, ba, laifin kuma a kanmu aka ɗora.

Abin da ya fi ci min rai shi ne irinsa sun yi yawa. An ɗauke su aiki don sun san wani, ba wanda ya gwada su, sai suka mai da fasuwod abin tsare kujera, gani suke ranar da wani ya leƙa log ranar asirinsu zai tonu. Makarantu na yaye ɗaliban kwamfuta da suka haddace ma'anar saba a allo amma ba su taɓa kunna Apache da hannunsu ba. Gwamnati da manyan ofisoshi su sayo na'urori a ɗauki hoto a watse, ba kuɗin horo, ba mai bin diddigin sabuntawa, bayanan mutane na zaune kan manhajar da ta daina samun kariya shekara da shekaru, kuma idan aka yi kutse ƙaramin ma'aikacin da ya rubuta kod za a fara kira, shi da ko log ba a bari ya gani.